Kwantenar Manhaja da Matsalar Madogarai a Uwar Garke ta Gida

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikatar da ta ƙudura ajiye kayanta na ilimi a kwamfutar kanta, ko ɗakin karatu ne, ko gidan adana kayan tarihi, ko kuwa cibiyar nazarin harshe, ba ta daɗewa sai ta gane cewa sayen na'urar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen riƙon manhajojin da aka ɗora mata. Sau da yawa akan wayi gari a tarar ƙamus ko kundin littattafai da aka yi shekaru ana tarawa ya ƙi buɗuwa, alhali kuwa ba wanda ya taɓa shi, illa dai an sabunta wani abu dabam a cikin na'urar. Maƙalar nan za ta bayyana tushen wannan matsala, da dabarar da ake kira kwantena wadda aka fito da ita don magance ta, da yadda dabarar ta shafi rubutun harsuna irin su Hausa, sa'an nan da iyakar abin da za ta iya yi.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita ma'anar wasu kalmomi. Uwar garke, wadda wasu ke kira saba, ita ce kwamfutar da ke zaune a kunne dare da rana tana yi wa sauran kwamfutoci hidima. Idan aka ce uwar garke ta gida, ana nufin wadda mutum ko ma'aikata ke gudanarwa da kansu, maimakon su miƙa kayansu ga wani kamfani ya riƙe musu. Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, kamar Linux ko Windows. Bugu kuwa shi ne fitowar manhaja a wani lokaci da lambarta, kamar dai yadda littafi ke da bugu na farko da na biyu.

2.0 Asalin Matsalar

Babu wata manhaja mai girma da aka rubuta ta daga tushe har ƙarshe ba tare da aro ba. Mai rubuta manhajar ɗakin karatu ba zai zauna ya ƙirƙiro hanyar ɓoye saƙo ko hanyar rage girman hoto ba, sai ya ɗauko abin da wasu suka riga suka rubuta. Irin waɗannan ƙunshi-ƙunshi na umarni da ake ara su ake kira taskoki. Ban da taskoki, manhaja tana bukatar harshen da aka rubuta ta da shi ya kasance a na'urar, kamar PHP ko Java ko Python, kuma sau da yawa tana bukatar rumbun bayanai kamar PostgreSQL ko MariaDB. Dukkan waɗannan abubuwa su ne madogaran manhajar. Kowace madogara kuma tana da nata madogaran, har abin ya zama sarƙa mai tsawo wadda shi kansa mai manhajar bai san ƙarshenta ba.

A al'adar Linux akan ajiye kofi ɗaya na kowace taska a wuri ɗaya, dukkan manhajoji su riƙa ɗiba daga nan. Wannan tsari yana da hikima, domin yana rage cin wuri, kuma in an gyara kuskure a taskar kowa ya amfana a lokaci guda. To amma yana da sharaɗi mai nauyi, watau dole ne dukkan manhajojin na'urar su yarda da bugu ɗaya. Lamarin ya yi kama da gidan haya mai madafa ɗaya da tukunya ɗaya: muddin bakin 'yan hayar ɗaya ne, zama ya yi daɗi, amma ranar da wani ya ce ba ya cin yaji, wani kuma ya ce ba ya iya ci sai da shi, ranar zama ta ɓaci.

Alal misali, a ɗauka wata cibiya tana son ɗora abubuwa uku a uwar garke ɗaya: DSpace don ajiye kundayen bincike, da MediaWiki don tattara ƙamus, da Koha don lissafin littattafan ɗakin karatu. DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, da Java aka rubuta ta. MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, da PHP aka rubuta ta. Koha kuwa, wadda ta samo asali daga ƙasar Niyu Zilan, da Perl aka rubuta ta. Bugu na 6 na DSpace yana aiki da Java 7 ko 8, bugu na 7 da ya fito a 2021 ya bukaci Java 11, bugu na 8 kuma ya bukaci Java 17. Ita ma MediaWiki, bugunta na 1.42 na shekarar 2024 ba ya aiki da PHP da ya gaza 8.1. A ɗaya gefen kuma, babbar manhajar CentOS 7, wadda ta fito a 2014 kuma aka daina kula da ita a ƙarshen watan Yuni na 2024, da PHP 5.4 ta zo. Ke nan ma'aikacin da ya gaji na'ura mai CentOS 7 yana tsaka mai wuya. In ya bar ta yadda take, sabuwar MediaWiki ba za ta hau ba. In ya sauya PHP, wata tsohuwar manhaja da ke dogara da tsohon bugu za ta iya tsayawa. In kuwa ya ƙi taɓa komai don tsoro, sai ya zauna da manhajojin da ba a ƙara toshe musu kafofin ɓarna.

Harshen Python ya ba da misali mafi shahara. An fitar da Python 3 a ƙarshen 2008, kuma bai dace da Python 2 ba ta fuskoki da dama. Sai a ranar 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da Python 2, watau an shafe sama da shekara goma masu riƙon uwar garke suna fama da bugu biyu na harshe ɗaya, kowanne da nasa taskoki.

3.0 Magungunan Da

Kafin kwantena an gwada hanyoyi da dama. Ta farko ita ce a ba kowace manhaja na'urarta. Wannan yana kashe rigimar, amma yana cin kuɗi da wuta, kuma yawancin na'urorin kan zauna kusan babu aiki. Ta biyu ita ce a ɗinke taskokin a jikin manhajar tun wajen haɗa ta, amma ba kowace manhaja ke karɓar wannan ba. Ta uku ita ce keɓe taskokin harshe ɗaya a wani lungu, kamar yadda masu Python ke yi, sai dai wannan bai shafi taskokin babbar manhaja ba.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce kwamfutar kwaikwayo. A nan akan sa na'ura ɗaya ta kwaikwayi na'urori da yawa, kowacce da babbar manhajarta cikakkiya. Kamfanin IBM ya fara wannan tun shekarun 1960, VMware ya kawo shi ga ƙananan kwamfutoci a 1999, kuma Linux ta sami nata, mai suna KVM, a 2007. In an koma ga misalin gidan haya, wannan daidai yake da gina wa kowane ɗan haya gidansa daga harsashi, da rijiyarsa da katangarsa. Rabuwa ta tabbata, amma kowace kwamfutar kwaikwayo tana cin nata rabo na ƙwaƙwalwa da faifai, tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi, kuma ita ma tana bukatar kulawa kamar na'ura ta gaske.

4.0 Asalin Kwantena

Sunan da ma tunanin daga harkar jiragen ruwa aka aro su. A dā akan loda kaya a jirgi buhu-buhu da ganga-ganga, kowane kaya da irin ɗaukar da yake bukata. A ranar 26 ga Afrilu 1956 wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Malcom McLean ya tura jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston ɗauke da akwatunan ƙarfe 58. Daga baya aka daidaita girman akwatunan a duniya, har ya zama ba ruwan jirgi ko tirela ko ƙugiyar tasha da abin da ke ciki. Abin da ake nema wa manhaja ke nan: a ƙunshe ta da kayanta a mazubi mai fasali ɗaya, wanda kowace na'ura ta san yadda za ta ɗauka.

Dabarar ba dare ɗaya ta bayyana ba. A 1979 bugu na 7 na Unix ya zo da umarnin chroot, wanda ke sa manhaja ta ɗauki wani reshe na faifai a matsayin faifan gaba ɗaya, ba ta ganin abin da ke wajensa. A shekarar 2000 FreeBSD 4.0 ta faɗaɗa wannan da abin da ta kira kurkuku, aikin Poul-Henning Kamp, sa'an nan Solaris 10 ta zo da nata yankuna a 2005. A ɓangaren Linux kuwa, an fara sanya shingayen gani a 2002, kuma a 2006 injiniyoyin Google, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara aikin da ya zama cgroups, wanda ya shiga Linux a farkon 2008. A wannan shekara ce LXC ta haɗa waɗannan sassa wuri ɗaya. Amma abin bai zama ruwan dare ba sai a watan Maris na 2013, lokacin da Solomon Hykes na kamfanin dotCloud ya gabatar da Docker. Abin da Docker ta ƙara shi ne hanya mai sauƙi ta ƙunshe manhaja, da ba ta suna, da aika ta ga wani. A watan Yuni na 2015 aka kafa ƙungiyar OCI a ƙarƙashin Gidauniyar Linux don daidaita fasalin kwantena, shi ya sa a yau abin da aka gina da Docker yake gudana da Podman ko wasu kayan aiki makamantanta.

5.0 Yadda Take Aiki

Don a fahimci kwantena sai an raba babbar manhaja gida biyu. Akwai zuciyarta, wadda ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye, tana raba ƙwaƙwalwa da lokaci, tana karatu da rubutu a faifai. Akwai kuma sauran kayan da ke kewaye da zuciyar, watau taskoki da harsuna da ƙananan umarni. Rigimar madogarai kusan dukkanta a wannan kashi na biyu take. Saboda haka kwantena takan bar zuciyar ta zama ta kowa, amma ta ba kowace manhaja nata kashi na biyun. Gidan haya ɗaya ne, harsashi ɗaya, rijiya ɗaya, amma kowane ɗan haya da madafarsa da tukunyarsa da kayan miyarsa. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne tsohuwar ƙa'idar masu kula da zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ya tsaya a kanta, cewa sabon bugun zuciya bai kamata ya karya manhajar da ke aiki a kan tsohon ba.

Abubuwa uku ne ke riƙe da wannan gini. Na farko shi ne shingayen gani, waɗanda Linux ke da iri takwas. Wani yana ɓoye wa manhaja sauran faifan, wani yana ɓoye mata sauran manhajojin da ke gudana, wani yana ba ta nata adireshi da ƙofofin sadarwa, wani kuma yana ba ta nata jerin masu amfani. Manhajar da ke ciki sai ta zaci ita kaɗai ce a na'urar, alhali a wurin zuciyar ita ma aiki ce kamar sauran ayyuka. Na biyu shi ne cgroups, wanda ke yanka wa kowace kwantena iyakar ƙwaƙwalwa da ƙarfin sarrafawa da za ta ci, don kada ɗaya ta handame rabon 'yan'uwanta. Na uku shi ne samfuri.

Samfuri shi ne ƙunshin da ke ɗauke da manhaja da dukkan madogaranta, a daskare, ba ya canzawa. Kwantena kuwa ita ce samfurin a lokacin da yake gudana. Dangantakarsu kamar ta hatimi ce da tambarin da yake bugawa: daga hatimi ɗaya ana iya buga tambari goma, kuma ɓata tambari ba ya taɓa hatimin. Akan gina samfuri ne daga wata 'yar takardar umarni da ake kira Dockerfile, wadda ke faɗin tushen da za a fara da shi, misali Debian, da abin da za a ƙara, da umarnin da za a tayar. Kowane mataki yakan zama hawa guda a kan na ƙasa da shi. Amfanin hawa-hawan nan shi ne, in samfura biyar suka fito daga tushe ɗaya, kofi ɗaya na tushen ake ajiyewa. Idan kwantena ta tashi sai a ɗora mata wani hawa na wucin gadi a sama, duk abin da ta rubuta a nan yake sauka, kuma in an share ta ya tafi tare da ita.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Tun da abin da aka rubuta a cikin kwantena ba ya dawwama, to bayanan da ake son su tsira, kamar shigarwar ƙamus ko hotunan rubuce-rubucen ajami, dole ne a ajiye su a rumbu na dabam a faifan uwar garke, a jona shi da kwantenar. Ta haka manhaja ta rabu da bayanai. Ana iya zubar da manhajar a kawo sabuwa, bayanai suna nan inda suke.

6.0 Amfaninta ga Mai Uwar Garke ta Gida

In an koma ga cibiyar da aka yi misali da ita, yanzu DSpace na cikin kwantenarta da irin Java da take so, MediaWiki na cikin tata da irin PHP da take so, Koha ma haka, kuma kowacce na iya samun rumbun bayanai na bugun da ya dace da ita. Ita uwar garken ba ta bukatar Java ko PHP ko kaɗan, abin da take bukata shi ne zuciyar Linux da manhajar tayar da kwantena. Sabunta ɗaya ba ya taɓa sauran.

Amfani na biyu shi ne rubuta tsari. Da Docker Compose akan bayyana dukkan hidimomin na'ura a takarda ɗaya: wane samfuri, wane bugu, wace ƙofa, wane rumbu. A yawancin ƙananan ma'aikatu mutum ɗaya ne ya san yadda aka haɗa na'ura, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ilimin ya tafi da shi. Takardar nan takan mayar da abin da ke kan mutum ɗaya ya zama abin da magajinsa zai karanta. In na'ura ta ƙone, da takardar da kofin rumbuna ana iya tayar da komai a wata na'urar.

Amfani na uku shi ne gwaji da komawa baya. Ana iya tayar da sabon bugu a gefe, a kan kofin bayanai, a duba shi, kafin a sauya na ainihi. In ya ƙi, tsohon samfuri yana nan. Har ila yau, a wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa ana iya umartar kwantenoni su tashi da kansu duk lokacin da na'ura ta dawo. A inda intanet ke da tsada ko rauni kuwa, ana iya sauke samfuri sau ɗaya, a juye shi a filashi, a kai shi wata na'urar da hannu.

7.0 Kwantena da Sha'anin Harshe

Akwai wata madogara da ba a cika lura da ita ba, wadda kuma ta shafi masu aikin harshe kai tsaye, watau ƙa'idar jera haruffa. Haruffan Hausa masu lanƙwasa suna da gurabensu a tsarin Unicode, amma lambobinsu suna can nesa da na haruffan Ingilishi, kuma a tsarin UTF-8 kowannensu yana cin bayit biyu maimakon ɗaya. In kwamfuta ta jera kalmomi bisa lamba tsagwaronta, sai ƙasa da ɗaki da ɓera su faɗo bayan zuma, a ƙarshen ƙamus. Abin da ke hana wannan shi ne ƙa'idar jerawa, kuma a yawancin na'urorin Linux tana zaune ne a cikin babbar taskar nan mai suna glibc, wadda ke ɗauke da ƙa'idojin harsuna masu yawa, har da na Hausar Nijeriya mai laƙabin ha_NG.

A watan Agusta na 2018 aka fitar da glibc 2.28, wadda ta sabunta ƙa'idojin jerawa don su dace da ma'aunin duniya na ISO 14651. Gyara ne mai kyau, amma ya zo da illa. Rumbun bayanai irin PostgreSQL yakan gina fihirisa bisa jerin da taskar ta ba shi, ya ajiye a faifai. Idan aka sabunta babbar manhaja, misali daga Debian 9 mai glibc 2.24 zuwa Debian 10 ta 2019 mai glibc 2.28, sai fihirisar ta kasance an gina ta da tsohon jeri ana kuma bincika ta da sabo. Ko a ƙa'idar Ingilishin Amurka, tsakanin 11 da 1-1 wanda ke gaba a dā ya koma baya. Sakamakon shi ne a nemi abin da ke cikin rumbu a ce babu shi, ko kuma abu ɗaya ya shiga sau biyu a inda aka hana maimaici, kuma duk wannan ba tare da wata ƙara ba. Maganinsa shi ne sake gina fihirisa, kuma daga bugu na 15 na shekarar 2022 PostgreSQL yana gargaɗi in ya ga ƙa'idar jerawar rumbu ta sauya.

Kwantena tana kare mai ita daga wannan ta fuska ɗaya, domin rumbun bayanai yana ɗauke da tasa glibc, sabunta uwar garke ba ya taɓa ta. Amma haɗarin bai gushe ba, wuri ya sauya. Ranar da aka sauko da sabon samfuri da aka gina a kan sabon tushe, ranar ƙa'idar jerawa za ta iya sauyawa. Bugu da ƙari, yawancin samfuran tushe an rage musu kaya don su yi sauƙi, ba sa zuwa da ƙa'idojin harsuna, kuma in ba a faɗa musu su yi aiki da UTF-8 ba wasu manhajoji kan mayar da ƙ da ɗ alamar tambaya. Samfuran da aka gina a kan Alpine, wadda tushenta bai kai megabayit 10 ba, da taskar musl suke aiki a madadin glibc, ita kuwa musl bisa lamba take jerawa. Mai ƙamus da ya zaɓi irin wannan samfuri don ƙanƙantarsa sai ya nemi jerawa daga taskar ICU, wadda PostgreSQL ya fara karɓa tun bugu na 10 a 2017. Darasin shi ne a ɗauki ƙa'idar harshe a matsayin madogara kamar kowacce, a rubuta ta a takardar gini, a kuma gwada ta da kalmomi masu lanƙwasa kafin a zuba aikin shekaru.

8.0 Iyakokinta

Kowane allazi da nasa amanu. Abin da ya raba rigima shi ne kuma ya yawaita kofi. A watan Afrilu na 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a taskar OpenSSL, a watan Disamba na 2021 kuma aka gano wata a taskar Log4j ta Java. A tsohon tsari gyaran taska ɗaya da kowa ke ɗiba yakan wadatar da na'ura. A tsarin kwantena kuwa kowane samfuri yana da nasa kofi, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Samfurin da aka manta da shi shekara uku yana nan yana aiki lafiya lau, tare da dukkan kafofin ɓarnar da aka gano a shekara ukun.

Na biyu, tun da zuciya ɗaya ce, katangar kwantena ba ta kai ta kwamfutar kwaikwayo kauri ba. A watan Fabrairu na 2019 an gano kuskure a runc, manhajar da ke tayar da kwantenoni a ƙarƙashin Docker, wanda ke ba mugun samfuri damar ƙetarewa ya kama uwar garke. Don haka ake son a gudanar da kwantena ba da ikon shugaban na'ura ba, abin da Podman ta shahara da shi, kuma kada a sauko da samfuri sai daga hannun masu manhajar ko wata majiya da aka amince da ita. Haka kuma ƙofar da aka buɗe wa kwantena da Docker tana iya tsallake katangar tsaro irin ta ufw, har rumbun bayanai ya bayyana ga duniya mai shi bai sani ba.

Na uku, sunan bugu ba alkawari ba ne. Laƙabin latest yana nuna abu ɗaya yau, gobe wani. Ko laƙabi mai lamba ana iya sake ɗora shi a kan sabon gini. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar tantancewa ta SHA-256, mai alamomi 64, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikin samfurin. Ita ma takardar gini ba ta tabbatar da cewa za a sami abu iri ɗaya in an sake gini bayan shekaru, domin daga intanet take ɗebo kaya. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye wata 'yar taska mai layi 11, mai suna left-pad, daga ma'adanar npm, sai ginin manhajoji masu ɗimbin yawa ya tsaya. Wanda ke son tabbas sai ya ajiye kofin samfurin kansa.

Na huɗu, kwantena ba ta san komai game da bayanai ba. Sauya lambar samfurin PostgreSQL daga babban bugu zuwa wani ba ya juya bayanan da ke rumbu, sai an bi hanyar ƙaura da aka tanada. Nextcloud ba ta yarda a tsallake babban bugu wajen sabuntawa. Manhajar da ta riga ta sauya fasalin bayanai kuma ba a komar da ita baya sai da kofin da aka ɗauka tun kafin sauyin. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya ɓata rumbu ko da kwantena ko babu. A ƙarshe, samfurin da aka gina don na'urar Intel ko AMD ba ya gudana kai tsaye a kan na'urar ARM irin Raspberry Pi, sai in an gina masa nasa.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kwantena ba ta rage yawan madogarai ba. Abin da ta yi shi ne ta raba su, ta ɗaure kowace manhaja da nata, ta kuma sa aka rubuta su a inda za a karanta. Wannan ya isa ya ba ƙaramar ma'aikata mai na'ura ɗaya da ma'aikaci ɗaya damar riƙe hidimomi da yawa ba tare da fargabar taɓa ɗaya ta rushe sauran ba. Abin da ya rage a wuyan mai uwar garke abu huɗu ne: ya tsayar da bugun kowane samfuri da lambarsa, ya sanya lokacin sabuntawa ya kuma kiyaye shi, ya ajiye kofin rumbuna a wani wuri dabam, ya kuma riƙa gwada maido da su tun bukata ba ta taso ba. Ga masu tattara ƙamus da adana rubuce-rubuce kuwa akwai na biyar, watau duba jerin haruffa bayan kowane sauyi, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.